Motar Tsere Da Ta Daɗe A Ajiye: Wa Za A Kai Wa Gyara?

Yau a shirinmu na kimiyya za mu yi magana a kan motar da ta daɗe ba ta motsa ba. A unguwar Mansur ta birnin Makka, inda Hausawa suke da yawa tun kaka da kakanni, yakan faru mutum ya gaji mota, ko ya saye ta da araha, motar tsere kamar Porsche ko Corvette, wadda ta shekara biyar ko fiye a lulluɓe. Abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne ya sa sabon batir ya tā da ita. To, kada ya yi haka. Ga dalili.

Mota tana lalacewa a tsaye kamar yadda take lalacewa a tafe. Fetur idan ya daɗe a tanki, sassansa marasa nauyi sukan bi iska, ragowar kuwa ta zama danƙo mai toshe hanyoyin mai. Zafin Makka, wanda yakan wuce digiri 40 da bazara, yana hanzarta wannan. Baƙin mai kuma yakan tsiyaye ya koma gindin inji, ya bar fistin da sauran ƙarafa a bushe. In aka tā da inji haka, ƙarfe zai ci ƙarfe, ɓarnar minti ɗaya ta jawo asarar dukiya mai yawa. Roba ita ma tana bushewa ta tsattsage, watau bel da tiyo da tayoyi. Ɓeraye kuwa sukan gaigaye wayoyin lantarki.

Mafi hatsari duka shi ne man birki, gama yana shan laima daga iska sannu a hankali. Irin da ake kira DOT 4, yana sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ruwa ya shige shi yana iya tafasa a wajen digiri 155. In ya tafasa sai ya zama tururi, direba ya taka birki ya ji ba kome. Ku auna abin da zai faru ga mai gangarowa daga Ɗa'ifa ta hanyar dutsen Hada, inda birki yake ɗaukar zafi ƙwarai.

Saboda haka a ɗauki motar a kan babbar mota zuwa gareji, wanda mazauna Makka suke kira warsha. Amma wace warsha? Injin motar tsere an ƙera shi da awo mai tsanani, yana bukatar kayan aiki na musamman da littafin maƙeransa. In ba a sami gwani a Makka ba, Jidda ba ta kai kilomita 100 ba, can kuwa akwai wakilan manyan kamfanonin motoci.

Ana gane gwani da tambayoyinsa. Zai tambayi shekara nawa motar ta yi a tsaye, a rana ko a inuwa, da fetur a tanki ko babu. Zai ce sai ya zubar da tsohon fetur, ya sake baƙin mai da man birki da ruwan lagireto, ya cire fulogi ya ɗiga mai, sa'an nan ya juya injin da hannu kafin ya sa mabuɗi. Zai duba lamba huɗu da ke jikin taya: in ya ga 2315, ma'anarta an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2015, ta tsufa ke nan ko da zanenta bai goge ba. Ku roƙe shi ya nuna muku irin motar da ya taɓa gyarawa, ya rubuta kuɗin aiki tun da fari, ya kuma mayar muku da tsofaffin kayan da ya cire.

Wanda kuwa ya ce, "Kawo batir mu gwada," ku yi masa godiya ku wuce. Bayan gyara, sai a kai motar wurin gwajin motoci na hukuma, watau fahas, kafin ta hau titi.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.