Rasidin Harajin Kaka

Tambaya: Malam, na tsinci tsofaffin rasidan haraji na kakanmu a cikin adakar kakarmu a Kano. Za su iya nuna mini asalinmu?

Amsa: Ɗana, kada ka bari gara ta riga ka. Ka ɗauki hotonsu yau, ka adana su inda ba danshi.

Fara da sunan gunduma da ƙauye da dagaci, ba sunan kakanka ba. Audu nawa ne a ƙauye guda? Magatakarda yakan rubuta laƙabi, Tanko ko Dogo, wani da boko, wani da ajami. Mata kuwa da wuya ka gan su, domin maigida ake rubutawa.

Duba kuma wane haraji ne. Jangali na shanu ne. Idan na taki ne, ka yi sa'a: a zamanin Turawa malaman taki sukan auna gona da sawunsu, a yanka kuɗi gwargwadon faɗinta. Amma kada ka gaskata kowane adadi. Wa zai faɗa wa mai karɓar haraji gaskiyar garkensa? Kuma rasidi shaidar biya ce, ba ta mallakar gona ba.

Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, don haka sawun zai iya yankewa nan. Rahotannin gundumomi suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Kafin ka hau mota, karanta wa gwaggonka sunayen, ka ji wanda za ta gane.