Me Ya Sa Na'urar Sanyaya Mota Take Ɗauke Sanyi Ta Dawo?

A watan Afrilu, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 a Dutsi da ƙasar Daura, direbobi kan yi kukan cewa na'urar takan yi sanyi, ta ɗauke, can kuma ta dawo. Kafin a garzaya wurin bakanike, ya kamata mai karatu ya lura da lokacin da abin yake faruwa, domin a nan amsar take.

Idan sanyin yana ɗaukewa ne sa'ad da mota take tsaye, ya dawo da zarar an hau hanyar Daura, to a duba kwandensa da ke gaban lagireto. Ƙurar hunturu kan toshe ta, ko fankarta ta mutu. Sai zafi ya kasa fita, matsin gas ya hau, makunnin kariya ya kashe kwamfiresa. Gudun mota ne yake kawo iskar da ke rage matsin.

Idan kuwa bayan doguwar tafiya ne iskar kanta ta ragu, ƙanƙara ce ta rufe bututun da ke sanyaya iska. A kashe na'urar minti goma a bar fanka tana aiki. In sanyi ya dawo, an gano.

Wani lokaci kulocin kwamfiresa ne ya cinye, maganaɗisunsa ya kasa jawo shi idan inji ya yi zafi.

Ƙarancin gas ma yakan jawo haka, amma ƙara R-134a ba tare da toshe yoyo ba asarar kuɗi ce. A fara auna matsin tukuna.