Yadda za ka yi amfani da "learn the ropes"

Idan ka kama sabon aiki, kana koyon yadda abubuwa ke tafiya a wurin, Bature zai ce kana "learning the ropes". Maganar ta samo asali ne daga manyan jiragen ruwa na da, masu tafiya da ƙarfin iska, inda igiyoyi ke da yawan gaske, kowace da aikinta. Sabon ma'aikaci sai ya san wadda zai ja da wadda zai sassauta kafin a saki jiki da shi.

Don haka ka yi amfani da ita wajen aiki mai tsari da dabaru, kamar tsaron kanti ko aikin ofis. Ba ta dace da haddar darasi ba. Kullum "the ropes" ake cewa, kada ka yar da harafin ƙarshe. Wanda ke koya maka kuwa, shi ne ke "show you the ropes".

A hira take da daɗi, ni dai ban ba ka shawarar sa ta a takardar neman aiki ba. Sannan ka kiyayi "on the ropes", wannan daga dambe ta fito, tana nufin mutum ya kusa shan kaye.