Darasin Ingilishi: kalmar LIVE

Ƴan'uwa masu karatun manya, da yawa cikinmu suna zuwa fatauci ko cin rani Najeriya da Gana. Can Ingilishi ne harshen gwamnati. A iyakar Jibiya ko ta Illela, ko a asibiti wurin yankan kati, ma'aikaci yana iya tambayarka:

Where do you live? Wato, ina kake da zama?

LIVE na nufin zama a wuri, inda gidanka da iyalinka suke. Ana rubuta ta da baƙaƙe 4, amma ba a faɗin E na ƙarshe. Don fitar da V, ɗora haƙoranka na sama bisa leɓen ƙasa.

Ga yadda ake amsawa:

I live in Maradi. A Maraɗi nake da zama.
We live in Tahoua. A Tawa muke da zama.
I live with my father. Ina zaune tare da babana.

Ana sa IN gaban sunan gari ko ƙasa, WITH kuma gaban mutum. In zancen mutum ɗaya kake, namiji ko mace, ƙara S: He lives in Zinder. She lives in Niamey. In zaman ya wuce, ƙara D: I lived in Kano, dā na zauna Kano.

Ku kula da abu 2.

Na farko, baƙo ba ya cewa LIVE. In ka je kasuwar Katsina ka kwana 3 gidan mai masaukinka, STAY za ka ce: I am staying in Katsina. In ka ce live, za a rubuta Katsina ce garinka, a can za a neme ka.

Na biyu, kada ka ja murya. LIVE gajera ce. In ka ja ta, ta koma LEAVE, wato barin wuri. Haka Hausa take: garin da muke zaune daban, garin tuwo daban. Wanda ya ce I leave Maradi, cewa ya yi yana barin Maraɗi.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta a littafinsa inda yake zaune, da inda ƙanensa ko ƙanwarsa ke zaune. Ku kai wa malamin cibiyarku ya duba. Sa'an nan ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya tambaya, ɗaya ya amsa.