Darasi Daga Masu Kwashe Sharar Alkahira

Darasinmu na wannan wata a kan shara ne. Kada kowa ya yi mamaki. Kowane gida yana fid da shara kowace safiya, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambaya ina ta ke zuwa, ko wanene ke shan wahalarta. Bari mu je ƙasar Masar, mu ga wata jama'a da ta daɗe tana amsa wannan tambaya da hannuwanta.

1. Su wanene?

Alkahira ita ce babban birnin Masar, mutanen cikinta da na kewaye sun fi miliyan 20. A can akwai waɗanda a ke kira Zabbalin, wato masu shara da Larabci. Yawancinsu Kirista ne na ekklisiyar Kibɗawa. Kakanninsu manoma ne marasa gona daga kudancin ƙasar, musamman wajen Asiyut. Suka fara zuwa birni a shekarun 1940 garin neman abinci, suka zo da sana'ar da suka sani, wato kiwon aladu. Wajen 1970 hukuma ta tashi waɗansunsu daga mazauninsu, suka koma gindin dutsen Muƙaɗɗam, a unguwar Manshiyat Nasir. Can ne mazauninsu mafi girma.

2. Yadda su ke aiki

Tun da asuba maza su kan bi gida gida, suna hawa benaye, suna karɓan shara a bakin ƙofa. Da fari da amalanken jakuna su ke yi, daga baya suka sami motoci. Sa'anda aka kawo kayan gida, sai mata da 'yan mata su zauna su rarraba: takarda dabam, kwalabe dabam, roba dabam, gwangwani da ƙarfe dabam, tsummoki dabam. Ragowar abinci kuwa a ba aladu. A sayar da aladun, kashinsu kuma ya zama taki. Robar a wanke ta, a niƙa ta da inji, a sayar wa masana'antu.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa cikin kashi 100 na sharar da Zabbalin su ke kwasowa, wajen kashi 80 yana komawa ga amfani. Birane masu arziki da yawa ba su kai haka ba. Asirin kuwa ba inji ba ne, rarrabawa ce. Ga zuciyar darasinmu ke nan: abu ba ya zama banza sai an cuɗanya shi da wani. Takarda busasshiya kuɗi ce, amma in miya ta zuba a kanta ta lalace.

3. Kuskure biyu

A 2003 hukuma ta ba kamfanonin ƙasashen waje, daga Sifen da Italiya, kwangilar kwashe sharar birnin. Suka zo da manyan motoci, suka ajiye manyan akwatuna a bakin titi. Amma motocin ba su iya shiga lunguna, mutane kuma sun saba a zo har ƙofarsu. Kwangilar kuwa kashi 20 kaɗai ta bukaci a mayar ga amfani, saura a kai juji. Daga baya kamfanonin da kansu suka koma suna ɗaukar Zabbalin aiki.

A watan Afrilu na 2009 kuma, sa'anda tsoron murar aladu ya cika duniya, gwamnati ta ba da umurni a yanka aladun ƙasar duka, wajen 300,000, alhali cutar ba ta shiga Masar ba tukuna. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce kuskure ne, amma aka yi. Da aladu suka ƙare, Zabbalin ba su da inda za su kai ragowar abinci, sai suka rage kwasarta. Ruɓaɓɓen abinci ya taru a titunan Alkahira, ga wari, ga ƙudaje da ɓeraye. Sai a lokacin mutanen birni suka gane wanda ya ke ɗauke musu wannan kaya shekara da shekaru. Bayan 'yan shekaru Zabbalin suka soma kiwon aladu kuma.

4. Wahalarsu da ƙoƙarinsu

Kada mu yi zaton aikin nan da daɗi. Mai rarraba shara da hannu ya kan gamu da fasasshiyar kwalba da allurar asibiti, ciwon hanta kuwa ya kama da yawa cikinsu ta wannan hanya. Yara da yawa sun rasa makaranta. Ga kuma reni daga waɗanda su ke yi wa hidima.

Duk da haka ba su zauna kawai ba. A 1984 aka kafa wata ƙungiyar kiyaye muhalli a unguwar, wadda ta koya wa 'yan mata karatu, da saƙar darduma da ƙyallayen da masana'antu suka zubar, da yin sabuwar takarda daga tsohuwa. Suka kuma sassaƙa ɗakin sujada cikin dutsen, da sunan Siman Majemi, inda mutum fiye da 10,000 su ke iya zama.

5. Abinda za mu koya

Mu ma muna da irin waɗannan mutane. Akwai baban bola da ke bin unguwa da kurarsa, akwai 'yan gwangwan. Manoman kewayen Kano kuma tun kaka da kakanni su kan yi jigilar toka da sharar birni a kan jakuna da rani, su zuba a gona. Abinda ya sāke shi ne leda da roba sun shiga cikin sharar, ba su kuwa ruɓewa. Saboda haka ga abu huɗu da kowane gida zai iya yi.

Na ɗaya, a ajiye mazubi uku: ɗaya domin ragowar abinci da toka, ɗaya domin roba da gwangwani da takarda, ɗaya domin sauran. Na farkon na dabbobi ne da gona, na biyun na sayarwa ne.

Na biyu, a naɗe fasasshiyar kwalba da reza da allura, a sa su cikin gwangwani a rufe. Hannun mutum ne zai taɓa su bayanka.

Na uku, kada a zuba shara cikin kwata. Leda ta kan toshe hanyar ruwa, da damina ruwa ya shiga gidan maƙwabci, sauro kuma ya sami wurin haihuwa. Kada kuma a ƙona roba a tsakar gida, gama hayaƙinta yana cutar da huhu, balle na yara.

Na huɗu, ka biya mai kwashe shararka hakkinsa a kan lokaci, ka gaishe shi, ka san sunansa. Ka hana 'ya'yanka yi masa ba'a. Ka tuna fa, Alkahira ba ta san darajar masu shararta ba sai da tituna suka cika.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa Zabbalin suka fi manyan kamfanoni mayar da shara ga amfani?
2. Me ya faru a titunan Alkahira bayan 2009, kuma don me?
3. Wanene ke kwashe sharar gidanka? Ka san sunansa?
4. Cikin abu huɗun nan, wanne gidanka zai soma a wannan mako?