Funfuna a Tiren Jariran Ganye: Abin da Ruwan Peroxide Zai Iya Yi a Karshi

Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da damina ta kankama a Abuja, ɗakin rainon ganye a Karshi kan zama tamkar gidan wanka. Manomin da ke shuka alayyafo, kabeji ko lansir a tire, ya yanke su suna 'yan kwana 7 zuwa 14 don kai wa otel-otel na Maitama da Wuse, yakan wayi gari ya tarar da farin abu ya lulluɓe gindin shukar.

Kada ya yi gaggawar ɗauko magani. Sau da yawa gashin saiwa ne kawai, wanda ke manne da saiwar, ba ya wari, kuma yana kwantawa da zarar ruwa ya taɓa shi. Funfuna kuwa tana shimfiɗuwa daga iri zuwa iri, ta hau kara, tana warin rima. In tsiron ya fara faɗuwa daga gindi, ƙasan karan ya yi laushi ya yi duhu, to ƙwayoyin Pythium ko Rhizoctonia ne suka shiga, kuma wannan tiren ya tafi. A zubar da shi nesa da ɗakin.

Magungunan kasuwa na peroxide, irin su OxiDate da ZeroTol na kamfanin BioSafe da ke Amurka, sun ƙunshi kusan kashi 27 cikin ɗari na hydrogen peroxide, haɗe da ɗan sinadarin peracetic. Suna ƙona ƙwayar cutar da suka taɓa nan take, sannan su rikiɗe su koma ruwa da iskar oksijin da ɗan tsamin binega. Shi ya sa suka dace da ganyen da ake ci ɗanye. Mancozeb da ake fesa wa tumatir a fadama bai dace da nan ba sam, domin kafin ragowarsa ta bar ganyen an riga an yanke an ci.

Sai dai maganin da ba ya barin saura ba ya gadin tire. Wanda ya fesa da safe ya bar ɗakin a rufe cikin zafi da laima, funfunar za ta dawo. Amfaninsa mafi girma kafin shuka ne: a wanke tire da sabulu, a cire duk tsohuwar saiwa, a jiƙa shi a ruwan maganin, sannan a wanke manyan iri kamar na furen rana, masu ɗauko ƙwayar cuta a ɓawonsu. Batun iri ba abin wasa ba ne. A 2011 tsiron hulba ya yaɗa cutar E. coli a Jamus, mutum fiye da 50 suka rasu, kuma bincike ya danganta abin da irin da aka shigo da shi daga Masar.

Waɗannan samfuran ba ko'ina ake samunsu ba. Wanda zai saya ya duba lambar NAFDAC, ya tabbatar takardar ta ambaci kayan ci, ya bi ma'aunin tsarmawar da ke jiki, wanda yawanci kashi ɗaya ne cikin ɗari ko fiye na ruwa. Ɗanyensa yana ƙona fata da ido, don haka safar hannu da tabarau wajibi ne. Kada a haɗa shi da Hypo ko Jik, haɗin yana fitar da iska mai guba. Wanda bai samu ba, peroxide mai kashi 3 na kemis zai yi: cokalin abinci ɗaya a litar ruwa, a gwada a gefen tire ɗaya tukuna, da yamma, domin ganye ƙarami saurin ƙonewa gare shi. A ajiye kwalbar a inuwa, zafin Maris yana kashe ƙarfinta.

Sauran aikin na iska ne da ruwa. A rage cunkoson iri, ko da ido na son tire ya cika maƙil. A buɗe murfin tire da zarar tsiro ya ɗago, a riƙa ba da ruwa ta ƙasan tire mai huji, a zubar da ruwan da ya kwanta. Fanka mai aiki da sola, tana kaɗawa dare da rana ko an ɗauke wuta, ita ce abin da ya kamata manomin Karshi ya fara saya kafin jarkar magani.