Amsoshin Tambayoyinku: Haƙƙin Bahaushe a Dokar Sudan

Malam Haruna daga Gadarif ya aiko da wasiƙa yana tambaya: shin akwai dokar da ta hana a nuna wa Bahaushen Sudan wariya, a matakin tarayya ko na jiha?

To, Malam Haruna, Allah ya saka da alheri. A matakin tarayya akwai, domin dokar jinsiyya (zama ɗan ƙasa) ta 1994 ta hukunta cewa wanda aka haifa a Sudan, kuma shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun farkon 1956, ɗan ƙasa ne na asali, alhali kuwa jama'armu, waɗanda hanyar hajji da hijirar bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kawo, sun riga wannan shekara da nisa. Daftarin tsarin mulki na 2019 ya wajabta daidaito a gaban shari'a ba tare da duban ƙabila, launi ko harshe ba, dokar laifuffuka ta 1991 kuma ta haramta tunzura ƙiyayya tsakanin al'ummomi.

Amma matakin jiha, Malam Haruna, nan ne gizo ke saƙar, saboda lamarin gonaki da sarautar gargajiya galibi yana hannun hukumar jiha, kuma jayayya a kan sarauta tana cikin sabubban fitinar da ta shafi Hausawa a jihar Nilul Azraƙ a Yulin 2022. Ka adana takardar jinsiyya da lambarka ta ƙasa. In an tauye maka haƙƙi, kai ƙara ofishin niyaba (masu gabatar da ƙara) ko kotu, ko da yake yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raunana kotunan ƙwarai.